Ranar da Na Kai Ƙarar Mijina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi yi wa mijina zagon ƙasa. Baban Khadija sufeton 'yan sanda ne a nan Birnin Gwari. Aka turo manya uku daga Kaduna su tantance wanda ya cancanci riƙe wani ofishi a bakin daji, can wajen Dogon Dawa, kuma sunansa na cikin waɗanda za a tantance. Shi yana ta goge takalmi, ni kuwa ina ta neman dabarar da za a hana shi. Wace mace ce za ta so a kai mata miji bakin dajin nan?

Da azahar, macen da ke cikin manyan ta shigo ɗakina a bariki don ta yi sallah. Na shimfiɗa mata darduma, na dama fura, na jira ta shafa addu'a.

"Ranki ya daɗe, don Allah kar ku ba shi. Bai iya shugabanci ba."

"Ikon Allah! Me yake yi?"

Na gyara zama (Allah Ya yafe mini, har da lanƙwasa yatsu ina ƙirga laifuffukansa). "Bai iya tsawa ba. Abincin da na zuba masa, da kuratansa yake ci. In an fita sintiri shi ne a gaba, kamar ba shi da iyali. Shanu suka shiga gona a Tabanni, maimakon ya kulle wani, wuni ya yi a gindin ɗorawa da makiyayin da manomin, sai da suka yi musabaha."

"Sannu 'yar'uwa, kina fama," in ji ta, tana ɗan rubutu. Ni a zatona na gama da shi.

Da la'asar aka tara kowa a filin bariki, har mu mata. Baƙuwar tawa ta miƙe ta ce sun duba takardu, sun yi tambayoyi, amma shaidar da ta fi gamsar da su daga bakin matarsa ta fito. Ta karanto laifuffukan nan ɗaya bayan ɗaya, kuratan suna tafi, sannan ta ce sunansa za su miƙa.

Ya juyo. "Maman Khadija, ashe ƙarata kika kai?"

Na ja hijabi na rufe fuska. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma wallahi a cikin hijabin murmushi nake, don duk filin nan mijina ake yi wa tafi.

Ya kama aiki, kuma har yau in ya fita sai na yi ta addu'a har ya dawo. Na dai koyi abu ɗaya: matar da za ta ɓata mijinta, ta fara tabbatarwa yana da abin ɓatawa.