Misali Ɗaya, Tukwane Tara

Wani ne a nan birnin Cali, cikin masu yini gaban kwamfutar nan. Ya ƙera wata 'yar manhaja da 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira za su riƙa aika imel da ita. Su 'yan aiken nan ba mutane ba ne, na'ura ce ake aike. Abin da aka rubuta musu a takardar bayani shi ne iyakar saninsu, ba ragi ba ƙari.

Abokin aikinsa Wílmer ya leƙa takardar, ya ga layi ɗaya tal: "Wannan yana aika saƙo."

Ya ce, "Gwani, wai wannan ne bayanin? Ai jikin kwalbar maganin tari ya fi ka magana. Sa musu misali mana."

"Misali kawai? An gama."

Gogan naka ya buɗe akwatin imel ɗinsa, ya kwafo saƙon ƙarshe da ya aika, da adireshi da komai, ya manna. Saƙon kuwa na surukarsa ne, Doña Herminia: "Mama, ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa cin abincin Lahadi ba. Tun da na sha miyar sancocho ɗinki ta makon jiya cikina ke murɗawa." Alhali cikinsa lafiya lau, kallon ƙwallo ya tafi.

Manhaja ta karɓu. Duk ɗan aiken da ya so gwada ta, ko aka manta ba a faɗa masa wa zai rubuta wa ba, sai ya duba takarda, ya ga misali, ya aika shi yadda yake.

Ran Laraba matarsa Nubia ta tare shi a bakin ƙofa.

"Mama tana can tana kuka. Mutum ɗari uku sun rubuto mata, har daga Japan, kowa 'Mama, cikina.'"

Ya ce, "Japan kuma? Ya aka yi miyarta ta kai Japan?"

"Na tambaye ta. Ta ce ikon Allah ya fi gaban tambaya."

Mu iyaye mata dama haka muke. A kira mu Mama kawai, sai hankali ya tafi hutu.

Nubia ta ci gaba, "Ta ce kai miyar ta fara kwantarwa, yanzu abin ya ci duniya. Ta je coci ta furta wa fada zunubinta, ta kunna kyandir, ta rataye ludayi. Wai ita da tukunya har abada. Shekara arba'in tana ciyar da dangi, ka duba!"

Mutumin ya shiga uku. In ya faɗi gaskiya, ƙaryar ƙwallo ta fito. In ya yi shiru, ya kashe wa dangi Lahadi. Ya zauna ya yi ta tufka da warwara, can sai ya buga cinya.

"Wallahi ni ɗin nan, da an ba ni ƙasar nan da tuni ta gyaru."

Ya buɗe takardar bayani ya sake misalin: "Mama, na warke sarai. Miyarki ba ta da laifi. Ina nan zuwa ranar Lahadi, a ajiye min cinyar kaza."

Washegari Nubia ta ce Mama ta fara murmushi. Ya shiga ofis yana tafiyar ƙasaita, ya ba Wílmer labari.

Wílmer ya ce, "Madalla. Adireshin dai ka cire ko?"

"Wane adireshi?"

Wílmer ya dube shi, ya dubi sama, ya yi alamar giciye, ya koma kan aikinsa.

Kafin ya cire, aikin gama ya gama. Ran Asabar Doña Herminia ta kira shi da kanta, murya kamar ta amarya.

"Ɗana, sun warke! Dukansu, har da ƙari. Mutum ɗari shida ne za su zo gobe."

"Mama, anya kuwa? Hanya da nisa fa, ga tsadar jirgi..."

"Wanda ya ce min Mama ba zai yi min ƙarya ba. Ka zo da wuri, akwai figar kaji. Kowa cinya yake so, ban san yadda zan yi ba."

Lahadi bayan an taso daga coci, ya iso ya tarar an toshe layi. An aro tukwanen coci guda tara, an jera su kan murhun itace. Maƙwabta mata suna ɓare ayaba da rogo. An kwaso kujerun makaranta. Wani ƙanen Doña Herminia ya sa kwat yana tsaye a bakin titi, wai shi ne mai tarbar Japanawa, yana ta gwajin rusunawa.

Ƙarfe ɗaya ba kowa. Ƙarfe biyu ba kowa. Ƙarfe uku tsohuwa ta tashi ta leƙa kwana, ta dawo ta zauna, ta ce ƙila cunkoson motoci ne. Ƙanen nan ya cire kwat.

Mutumin ya ga idonta ya fara kawo ruwa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya durƙusa gaban kujerarta.

"Mama, ba mai zuwa. Ba mutane ba ne, na'urori ne. Ni ne sakaran da ya sa adireshinki a takarda, su kuma suka yi ta kwafa. Ba su da ciki, ba su da baki, ba su taɓa shan miyarki ba."



Ta ce, "To kai fa da naka cikin?"

"Ƙwallo na je, Mama."

"An ci?"

"An ci mu uku."

Doña Herminia ta dubi tukwane tara, ta dubi mutumin a durƙushe, sannan ta juya wajen 'yarta.

"Nubia, surukai ɗari shida, kowa da ladabinsa, ba mai cin ko loma. Duk cikinsu wannan kika ɗauko min?"