Ranar da Na Tashi Rufe Gawar Baturiya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba, ko da yake da tatsuniya ce da na fi jin daɗin faɗinta.

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Lahadi, shekarun aikin dam ɗin Bakolori. Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne ta wajen Damaga, ƙasar Maradun. Kada ku je nemansa, yana ƙarƙashin ruwa, shi da gonarmu da kushewar Innata. Da anka tashe mu, munka dawo Talata Mafara munka kama ɗaki ɗaya. Maigidana (ba ni faɗin sunansa, ko yanzu da ƙasa ta rufe shi) ya samu gadin sito wurin wani ɗan kwangila. Anka ba shi riga mai ruwan ƙasa da manyan maɓallai. Wannan rigar ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Shi kuwa helma, wato shugaban ma'aikatan, Garba, yana da ƙanen mata zaune babu aiki, kuma kowa ya san rigar yake nema masa.

Sai na gaya muku wace ce Inna, in ba haka ba za ku ce hauka ce zalla. Ita ke wankan gawar mata a ƙauyenmu, kuma tun da na yi aure ni ke riƙe mata buta. Abu ɗaya ne take buge mini hannu a kansa, shi ne zane ya zame daga jikin mamaciya. Takan ce mai rai in zanenta ya faɗi za ta duƙa ta ɗauka, ita wannan kuwa sai wadda ke tsaye a kanta.

Tun da ruwa ya hau kushewarta na daina cin abincin kirki, na daina hira. Maigida ya rasa yadda zai yi da ni. Rannan ya shigo da murna, ya ce ɗan kwangila ya sa an kawo mai majigi daga Gusau, za a nuna wa ma'aikata bayan azahar a cikin sito, don babu taga, duhu ne ko da rana. Ya ce ya roƙi helma ya bar shi ya zo da ni. Ya taɓa ganin na Indiya sau ɗaya, waƙa da rawa da dawaki, ya tabbata zan yi dariya. Matar aure a majigi abin magana ne, na sani, amma na ga yadda yake kallona, sai na ɗauki mayafi.

A ƙofar sito ya tsaya ya ja mini kunne. Ya ce, "Hoto ne kawai, ba mutane ba ne. Komi kika gani ki zauna, ki yi shiru. Helma na nan."

Maza cike da wuri, an zauna kan buhunan siminti. Matan da ke ciki ba su wuce matan direbobi 'yan kudu ba. An rataye farin ƙyalle a gaba, injin yana tsakiya kan tebur. Munka zauna kan benci ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa. Tun da anka ɗaura mana aure ba mu taɓa zama haka gaban mutane ba, kuma ba mu ƙara ba.

Ashe ba na Indiya ba ne. Na Turawa ne, babu launi, fari da baƙi. Wata Baturiya ramammiya ta tsaya bakin taga tana kallon ruwan sama. Ta yi ta kallo. Wallahi da gero na zuba a turmi da na surfe kafin ta juyo. Maigida ya sunkuyo ya ce mini yanzu za su fara waƙa. Wani mutum ya hau bene, taki ɗaya, ya tsaya, taki ɗaya, ya tsaya. Maigida ya ce makaɗin ne. (Turancinsa bai wuce na buɗe ƙofa da rufewa ba, kuma daga baya na ji ba ma Turancin Ingila suke yi ba, amma bai fasa fassara mini ba.) Agogon bango na bugawa, ƙofa na buɗe kanta, matar tana ƙara ramewa. Maigida bai ƙara zancen waƙa ba.

Sai matar ta mutu. Sunka shimfiɗe ta kan tebur, maza uku da huluna tsaye a kanta, ɗaya har yana shan taba. Babu mace ko ɗaya a ɗakin. Sai mai tabar ya kama zanen da ke jikinta ya yaye.

An gaya mini hoto ne. Kaina ya ji, ƙafafuna ne ba su ji ba. Ban san na tashi ba sai da na gan ni ina ratsa maza, ina salati a hankali kamar yadda Inna ke yi. Na isa gaban ƙyallen, na cire mayafina, na miƙa hannu biyu na shimfiɗa a kanta.

Matar ta fito a kan mayafin.

Na matsa da shi sama, ta bi shi. Na ninka biyu, tana nan. Na sa jikina na kare, sai ga ta a hannuwana, a kan zanena. Mutane sun fara dariya, ni kuwa ina ta kokawa da haske. Ina cikin haka, fuskarta daidai tawa, gawar ta buɗe ido.

Ihun da na yi, an ce har masu haƙa hanyar ruwa sun ji. Na juya da gudu, ƙyallen ya biyo ni, ƙafata ta sarƙe da wayar injin, ya faɗo daga tebur, wani abu ya tarwatse a cikinsa. Duhu. Da anka buɗe ƙofar sito rana ta shigo, ga ni zaune a ƙasa, babu mayafi, babu ɗankwali, kitsona na mako uku a waje, maza sun fi a ƙirga suna kallona. Na je rufe matar wani, na tone kaina.

Maigida ya zo yana ɓalle maɓallan rigar gadi ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe, ya lulluɓa mini a kai.

Helma ya ce, "To, tun da ka tuɓe ta da kanka, ka huta da ita. Miƙo."

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, sai na kai ta gida."

Haka munka ratso gari, shi da singileti, ni da rigar gadi a kai. A hanya na tambaye shi ko matar ta mutu da gaske. Ya ce shi ma bai sani ba, ai ban bari mun ga ƙarshe ba. Da yamma na ci tuwo malmala biyu don kunya, ya zauna yana kallona har na suɗe kwano. Da safe ya ninke rigar ya mayar.

Ƙanen matar helma ya sa rigar, ta yi masa yawa. Mai majigi bai ƙara zuwa Mafara ba, an ce ya koma gyaran rediyo. Maigida ya shiga ƙwadago gonakin mutane wajen Bakura, mutumin da ya tashi da gonar ubansa, har tari ya kwantar da shi. Bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai in ya gan ni na yi shiru da yawa ya ce, "Yanzu za su fara waƙa." Helma ya tsufa a nan unguwarmu. Da matarsa ta rasu ni ya aiko a kira, don ni na gaji aikin Inna. Na je, na yi mata wanka, zane bai zame ba.

Har yau tsofaffi na kirana Mai Mayafin Majigi. Abin da na koya kaɗan ne: in za ki tashi rufe wata, ki fara ɗaure ɗankwalinki da kyau, ki kuma duba rigar wa za ta tafi. Ita kuwa Baturiyar, ban san ko an samu wanda ya rufe ta ba.