Rabin Albasa a Ƙofar Juji

Da safiyar yau na yi layi don in zubar da shara. Na yi layin mai a shekarun da ya yi wuya, na yi layin likitan da ke zuwa mana daga birni in ya ga dama, amma sai da na haye tamanin kafin Allah ya nuna mini layin juji. Rassan lemon da na sare ne a bayan motata. A gabana kuwa motocin masu yawon buɗe ido ne jere, kowace na jan ɗakin kwananta, kuma babu mai ko ɓawon ayaba na zubarwa a cikinsu. Hoto suka zo ɗauka. Wata mai faffaɗar malafa ta ƙwanƙwasa gilashina ta ce, "Kaka, ko za ki ɗan matsa? Motarki tana shiga hoton."

Na ce, "'Yar nan, ni da motar mun riga abin da kike ɗauka zuwa garin nan. Haɗa da mu."

Zan gaya muku abin da suke ɗauka, amma bari in fara da talabijin.

Kun san Iyalan Dunkley, katun ɗin yammacin Lahadi. Tun ina koyarwa a firamaren Kerrabool ake nuna shi. Yaran da na riƙa ja wa kunne saboda sun zana hancin uban gidan a jikin tebur, yanzu da yawansu sun yi furfura. Shi kuwa Norm Dunkley, mai sayar da darduma, ko gashi ɗaya bai yi fari ba, 'yarsa har yau tana aji huɗu, karen gidan ya binne karnukan garinmu kaka da jika. Labarin kullum guda ne. Norm ya tashi da babban buri, ya sha wahala, abin ya rushe, a yi dariya, kowa ya koma kujerarsa. Mako mai zuwa ba wanda ya tuna. Na daɗe ina zargin cewa marubutan shirin nan suna halartar zaman majalisar garinmu a ɓoye.

Maƙwabcina Merv Tolhurst mai walda ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana liƙa garmar manoman albasa. A wani zaɓe da ya shuɗe, ciyaman ɗinmu, wanda zan kira Mai Girma Sarkin Almakashi domin ban taɓa ganin hotonsa ba tare da shi ba, ya tsaya a zauren gari ya yi mana tuni cewa duk garin da ya san ciwon kansa yana da ƙaton abu a bakin babbar hanya. Wasu tunkiyar siminti, wasu kifi mai tsayin bene. Saboda haka Kerrabool za ta samu ƙatuwar albasarta a mararraba, matafiya su tsaya, su sha shayi, gari ya farfaɗo. Muka tafa, muka koma gida, muka manta, kamar yadda ya dace a yi wa alkawarin zaɓe. Merv kaɗai ya ɗauka da gaske. Ya je ya ce zai ƙera ta da hannunsa, majalisa ta tanadi wuri kawai. Mai Girma ya rungume shi a gaban mai hoto.

Kada wani ya ce majalisa ta zauna haka nan. Ta kafa kwamiti. Kwamitin ya ɗauko ƙwararru daga birni, suka kwana a otal, suka ci gasasshen rago, suka gano bayan dogon bincike cewa a Kerrabool ana noma albasa. Aka naɗa wani mutum Daraktan Hangen Nesa, wanda ya zagaya ƙasar nan da tawaga yana duba ƙattin abubuwan wasu, musamman na garuruwan bakin teku, musamman lokacin zafi. Aka zuba dandamalin siminti a mararraba, aka fasa shi saboda ya kalli gabas, aka sake zubawa.

Shi kuwa Merv yana rumfar bayan gidansa, tartsatsi na tashi, shekara na bin shekara. Idonsa na hagu ya fara hazo. Matarsa Noelene ta taɓa ce mini ta kan shinge, "Malama, ran da na mutu ki ce wa fadan coci ya gajarta addu'a, kada fenti ya bushe wa tsohon nan."

Amma na ga albasar, kuma ni ba mai yabon banza ba ce, ku tambayi duk wanda na taɓa maka wa jan biro. Ta yi kyau. Ɓawonta ja ne mai ɗaukar ido, da siraran layuka kamar na gaske, lawashinta kore shar ya kai rufin rumfa ya lanƙwasa. Kuma da yake Merv mutum ne mai lissafi, bai yi ta dunƙule ba. Ya yi cikinta gida biyu kamar ƙwarya da murfinta, lawashi daban, yadda za a kwance noti a fitar da ita ta ƙofa a ɗaura a mararraba.

A ƙarshe Daraktan Hangen Nesa ya bugo waya. A fito da ita bakin titi ranar Litinin da sassafe, motar ƙugiya mai ɗaga kaya za ta zo ta ɗauka, Asabar a yi biki.

Merv ya ce, "Yallaɓai, makon kwashe tarkace ne fa."

Ga wanda bai taɓa zama a irin garinmu ba, wannan shi ne makon da kowa ke fito da mataccen firji da ruɓaɓɓiyar katifa ya ajiye kan ciyawar bakin titi, motar majalisa ta bi ta kwashe. Kuma akwai dokar da ba a rubuta ba, wadda muka fi girmamawa fiye da duk rubutattun: abin da ke kan ciyawa a makon nan ba shi da mai shi. Kafin motar ta iso, duk mai a-kori-kura yana sintiri a hankali yana leƙe.

Darakta ya yi dariya ya ce, "Malam Tolhurst, mu ne majalisa. Kana jin ba mu san motocinmu ba?"

Merv ya fito da albasa gunduwa-gunduwa ya jera kan ciyawa. Ya jira har hantsi, ba ƙugiya. Daga baya muka ji an tura ta rataya ƙyallen maraba mai fuskar Mai Girma a kan babban titi. Merv ya sake bugawa, aka ce masa tana hanya, yana iya tafiya harkokinsa. Sai ya ja Noelene suka tafi babban gari sayen kwat ta zuwa biki, domin ta ɗaurin aurensu ta daina haɗuwa a ciki tun tuni.

Ina ba furanni ruwa na hango Trevor, na ƙarshen layinmu, shi da surukansa biyu suna tura rabin albasa bayan mota.

Na ce, "Trevor, sauke abin nan."

"Malama, a kan ciyawa yake."

"Albasar Merv ce, kai ma ka sani."

"To me ya fito da ita kan ciyawa? Ni na ɗauka Noelene ce ta ci yaƙin a ƙarshe. Kajina ba su da inuwa, Malama."

Na koyar da shi lissafin kashi-kashi a aji bai gane ba, ba yau zai fara ganewa ba. Na shiga in buga waya, kafin in fito sun yi kwana.

Da azahar motar tarkace ta iso. Na tsaya a gabansu da butar ban ruwa na yi bayani. Direban ya saurare ni da ladabi ya ce an umarce su su share duk abin da ke kan ciyawa kafin biki, kada baƙi su ga ƙazanta. Ina kallo bakin motar ya tauna lawashin nan kamar rake. Sauran rabin ya ƙi shiga. Suka buga waya, kuma a nan dole in jinjina wa majalisarmu: motar ƙugiya ta iso nan da nan. Ta ɗaga shi cikin natsuwa da ƙwarewa ta kai juji.

Asabar aka yi biki, ba a fasa ba. Mai Girma ya yanka ƙyalle a gaban dandamalin da ba komai a kansa, ya kira shi zango na farko. Aka gasa naman sosej. Merv bai je ba. Kwat ɗin tana rataye a ledarta.

Washegari Noelene ta kira ni shan shayi, ina jin don kada shirun gidan ya kashe ta. Talabijin na kunne, sai ga Iyalan Dunkley. A shirin ranar, Norm ya gaji da sayar da darduma, ya ce zai zagaya duniya a jirgin ruwa. Ya ƙera jirgin a tsakiyar falo, ya sayi hular kyaftin, ya yi sallama da abokan aiki, har ya zagi maigidansa. Ranar tafiya jirgi ya ƙi fita ta ƙofa. A ƙarshe aka faskara shi aka hura wuta, iyali suka zagaye ta suna gasa nama, matar ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka ga, duk duniyar da kake nema tana nan cikin falon nan." Aka saki ɗan kiɗa mai sanyi.

Noelene ta miƙa hannu za ta kashe. Merv ya ce, "Bar shi." Ya kalla har sunaye suka gama wucewa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Bai auna ƙofa ba. Ni na auna."

Noelene ta ce, "Sha shayinka, Mervyn."

"Da ban auna ba, da dunƙule na yi ta, ƙato goma ba za su ɗaga ta ba."

Tun daga ranar nake jin haushin ɗan kiɗan nan mai sanyi. Ana ce mana darasi ne: ƙaramin mutum ya rage buri, ya gode wa kujerarsa. Na karanta littattafai da dama, kuma na lura masu koya wa talaka wadatar zuci galibi daga ofis mai sanyi suke aiko darasin. Norm Dunkley zane ne. In jirginsa ya ƙone, a ɗauko sabuwar takarda a zana shi da sabon buri da lafiyayyun idanu biyu. Merv ba mai sake zana masa shekarun da ya bari a rumfar nan. Kuma ku lura, a shirin kullum wautar Norm ce ke kayar da shi. Ban taɓa ganin sun zana Daraktan Hangen Nesa ba. Wataƙila sun ga ba wanda zai yarda.

Trevor dai ya dawo da nasa rabin, kansa a ƙasa, da kashin kaji da kwandon ƙwai na ban haƙuri. Saura na juji. Mai gadin wurin ya riga ya jingine shi a bakin ƙofa yana fakewa daga rana. Wani matafiyi ya ɗauki hoto ya sa a waya, abu ya bazu, motoci suka fara kwana daga babbar hanya. Da majalisa ta ga haka sai ta tuna cewa da ma shirinta ke nan. Aka kafa allo: Dandalin Fasahar Sake Sarrafa Shara. Aka sa ranar biki na biyu.

Na je, na tare Mai Girma kafin ya hau mumbari. Shi ma ya zauna a ajina, a layin baya, kusa da taga.

Ya ce, "Malama, kin ga yadda gari ya cika?"

Na ce, "Na gani. Ka mayar wa Merv rabin albasarsa. Ɗayan yana hannunsa, lawashi zai sake ƙerawa, dandamalinka yana can yana shan rana."

"Ai Malama, duk abin da ya tsallaka ƙofar juji ya zama mallakar majalisa. Doka ce."

"Wa ya tsallakar da shi?"

"An kafa kwamiti a kan wannan."

"Ɗan nan, kana yaro in ka ɓata aikin wani kakan yi kuka. Na fi son ka a lokacin."

Ya yi murmushin nan nasa na hoto, ya ce kullum Malama da barkwanci, ya zaro almakashi. A jawabinsa ya gode wa ƙwararru, da tawaga, da direban ƙugiya. Allon bai ɗauki sunan Merv ba, wai wuri ya ƙare.

To yau da layi ya kawo ni bakin ƙofa, sai na ga mutum a kan tsani da gwangwanin jan fenti yana shafe inda ƙugiya ta kankare. Merv ne. Matar mai malafa tana ce masa, "Baba, ɗan sauko mana, kana tare hoton." Ya sauko, ya koma gefe, ya jira ta gama, ya sake hawa.

Mai gadi ya leƙo ya ce masa, "Merv, ka'ida ce sai na tambaya. Me ka kawo zubarwa yau?"

Ya ce, "Ba komai. Nawa ya riga ni zuwa."

Na zubar da rassana na kama hanya. A mararraba akuyar wani tana kwance kan zango na farko. An ce a zaɓe mai zuwa Mai Girma zai yi mana alkawarin ƙatuwar tafarnuwa, kuma tafarnuwa, kun sani, gida-gida take. Na riga na ce wa Noelene ta ɓoye injin walda.