Mutumin da Ya Toshe wa Wutar Sola Hanyar Komawa

Wani ne can wajen Bunkure. Sunansa kam a bar shi, don har yanzu yana shiga kasuwar Kura, kuma yana da dangi masu saurin fushi.

Manomin rani ne. Gonarsa tana can wutsiyar kanal, inda ruwan Tiga ba ya isowa sai ya gama gaisawa da kowa. Wannan ya sa masa wani hali. Ruwa in ya shiga gonarsa, to ya shiga ke nan. Zai ɗauki fartanya ya toshe kowace kafa, ya tsaya a kai kamar mai gadin banki. Maƙwabcinsa na ƙasa, Malam Dattijo, ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya kai ƙara wajen mai unguwa, har ya gaji ya koma yi masa dariya.

Bana ruwan kanal ya yi ƙasa, fetur ya yi sama. Mutumin naku ya sayar da shinkafar damina, ya kira Hashimu mai haɗa sola daga Kura. Aka haƙa masa 'yar rijiyar burtsatse, aka jera farantan sola a kan ƙarfe, aka ja waya biyu, ja da baƙa, zuwa injin ban ruwa. Rana na ɗagowa tiyo ya kumbura, ruwa ya tuɗo cikin fangali. Babu hayaƙi, babu jarka. Tumatirinsa ya fara fure. Mutumin ya canza tafiya. Hula ma ta koma gefe guda.

Wata rana da yamma ya dawo gida, ya tarar da 'yarsa Mubina a kan tabarma. Tana ajin ƙarshe a sakandare, tana shirin jarrabawa. Ga batirin tocila a gabanta, da ɗan ƙwan fitila, da guntayen waya. In ta haɗa ƙwan ya kama, in ta cire ya mutu.

Ya ce, "Ke Mubina, wasan yara kika koma?"

Ta ce, "Fiziks ne, Baba. Irin aikin da solarka take yi ne. Sunan wannan sakit."

"Siket kuma? Ashe wutar har ado take yi?"

"Sakit, Baba. Zagaye. Zauna in nuna maka."

Ya zauna. Yarinya ta san ubanta, sai ta bi da shi ta ruwa. Ta ce, "Ka ɗauka farantan nan su ne dam. Waya ita ce kanal. Ƙarfin da yake turo wutar, shi ake ce wa boltej. Yawan wadda take gudana a ciki kuma shi ne karant."

"Madalla. In ciyawar kacala ta fito a kanal fa?"

"Yawwa, Baba! Duk abin da ya tare mata hanya, gudunta yana raguwa. Shi ya sa siririyar waya ba ta kai mai kauri ba."

Mutumin ya gyara zama, ya shafa gemu. Ya ce, "Ashe ni na daɗe da sanin Fiziks, sunan ne ba a gaya min ba. To me ya sa waya biyu?"

"Ta ja take shiga inji. Ta baƙa take komawa."

"Take me?"

"Komawa."

"Komawa ina?"

"Inda ta fito. Dole ne sai ta zagaya, in ba haka ba..."

Daga nan bai ƙara jin komai ba. Mubina tana ta bayani, shi kuwa zuciyarsa tana gona. Wato shi ya sayar da shinkafarsa, ya kawo wuta har ƙofar inji, ita kuma ta leƙa kawai ta juya? Kuma Hashimu da hannunsa ya shimfiɗa mata hanyar gudu? Tuwon ranar ma bai ji daɗinsa ba.

Washegari ana idar da sallar asuba ya saɓi lauje ya nufi gona. Rana ba ta fito ba, farantai suna barci. Ya laluba ya kama baƙar waya, ya ce, "Ke ce ko?" Ya datse ta gida biyu. Ya ƙulle bakin wannan, ya ƙulle bakin wancan, ƙulli mai kyau irin na bakin buhu, don kada ta ɗiga. Ya koma gindin mangwaro ya harɗe ƙafa. Yau injin zai sha wuta ya ƙoshi. Yau ruwa sai ya ninka.

Rana ta fito. Inji shiru.

Ya ce, "Cika yake yi. Fangali ma ba ya cika nan take."

Hantsi ya yi. Inji shiru. Tiyo a kwance kamar mataccen maciji.

Sai ga Malam Dattijo ya leƙo ta kan iyaka. Ya ce, "Maƙwabci, yau turawan naka ba su tashi aiki ba?"

"Gyara nake yi."

"Me ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace. Ɓarna na tsayar. Ashe wutar nan rabin aiki take yi ta gudu. Na toshe mata mafita."

Dattijo ya dubi ƙullin waya, ya dubi mutumin, ya ciji leɓe. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai ina nan kusa."

Mutumin ya zagaya farantai, ya zagaya inji. Can sai ya tafa hannu. Ai ga matsalar! Injin yana kan tudu, farantan suna ɗan ƙasa. Wane ruwa ne yake hawa tudu da kansa? Ya kinkimi injin, yana nishi, ya sauko da shi cikin kwari. Ya bi jar waya yana ɗaga ta yana karkaɗawa, don abin da ya maƙale ya gangara. Ya sa kunne a jikin inji. Ko tari.

Rana ta take. Ganyen tumatir ya fara sunkuyar da kai. Furen da yake taƙama da shi ya soma yaushi. Nan fa hankalinsa ya tashi. Idonsa ya faɗa kan Dattijo, wanda ya zauna a kan kunya yana latsa wayar hannu.

"Malam Dattijo! Cajin wayar nan daga ina?"

"Daga shagon caji na bakin titi."

"Jiya na ga ka wuce ta kusa da farantaina."

"Na wuce. Sai na ɗiba a aljihu?"

"Ni dai na san wutata tana shiga, ba ta fita, kuma ba ta nan. Wani ne yake ja."

Dattijo ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Shekara da shekaru ni ne na ƙasa, kai kake hana ni. Yau kuma na zama na sama? Ka kira Hashimu, bawan Allah, kafin tumatirin nan ya zama kauɗa a tsaye."

"Hashimun da ya haɗa baki da ita?"

Dattijo ya juya baya ya kira Hashimu da kansa.

Mutumin ya tsaya yana tunani, gumi yana zuba. Sai wata dabara ta faɗo masa. In ka jefa tiyo a kanal ya ƙi jawo ruwa, me kake yi? Iska ce a ciki. Baki kake sawa ka zuƙa, sai ruwa ya biyo. Ya ce, "Kai, ni ma wani lokaci sai a hankali!"

Ya kwance ƙullin farko, ya feƙe robar da lauje, ya riƙe a hannun hagu. Ya kwance na biyu, ya feƙe. Ya gyara tsayuwa. Dattijo ya hango shi, ya miƙe yana ɗaga hannu.

"Kai! Kai! Maƙwabci, kar ka..."

Ina! Ya riga ya kai baki. Ya zuƙa.

Waɗanda suke cirar albasa a gonaki na nesa sun ce sun ji ƙarar. Wasu sun ɗauka akuya ce mota ta taka. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, mai su ya yi sama ya dawo ya zauna daɓas a cikin taɓon magudana. Wayoyin da ya watsar suka faɗi, bakinsu ya haɗu. Nan take inji ya yi gurnani ya tashi. Tiyo ya miƙe, ya yi wutsil-wutsil, ya juyo ya saita ƙeyar mutumin ya dinga zuba masa ruwa.

Dattijo ya zo da gudu. Da ya ga yana numfashi yana ƙifta ido, sai dariya ta kayar da shi shi ma.

Ana haka Mubina ta iso da kwanon fura, Hashimu kuma ya faka babur. Suka ciro shi, suka jingina shi da mangwaro. Harshe ya kumbura, gemu ya miƙe tsaye, kowane gashi ya kama gabansa.

Mubina ta ce, "Innalillahi! Baba, me ka yi?"

Da ƙyar ya ce, "Zuƙa."

Hashimu ya kashe inji, ya ɗaga baƙar waya yana juya ta. Ya ce, "Baba, wa ya yanka wannan?"

Dattijo ya share hawaye ya ce, "Injiniya ne. Ya toshe mata mafita."

Mubina ta dafe kai. Ta ce, "Baba, ai na gaya maka, in ba ta da hanyar komawa ba ta fitowa ma sam. Ka yanke zagayen. Da ka riƙe baki biyun kuma, kai ka zama wayar. Ta shiga ta bakinka, ta fita ta hannunka."

Ya zaro ido. "Ta fita?"

"Ta fita, Baba."

"Duka?"

"Duka. Wucewa kawai ta yi."

Mutumin ya taɓa harshe. Ya dubi tafin hannunsa na hagu, gaba da baya.

Hashimu ya ciro filaya da salatif, yana danne dariya. Ya ce, "To Baba, yanzu yaya za a yi? In haɗa mata hanyar komawa, ko a bar maka ita a gona?"

Mutumin ya ja da baya, ya ce, "Haɗa, ɗan nan, ka sa mai kauri! Wadda ta yi min haka tana wucewa, in ta zauna fa?"