Kawu Anaruwa da Sandar Uwani

Ga labari nan zan ba ku, amma don Allah ku riƙe shi a cikinku. Sunan garinmu ma ba zan faɗa ba, don in Iya ta ji na fitar da maganar gida waje, na shiga uku.

A gidanmu akwai Iya, kakata, ita ce mai gidan. Akwai autanta Kawu Anaruwa, da matarsa Azumi, da 'yarsu Uwani, 'yar firit da ita, ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Sai ni, Lanti. Kawu dogo ne kamar giginya, ga ƙarfi. Aikinsa jefa wa magina ƙasa. Magini yana can saman katanga, shi yana ƙasa, sai ya cura ƙasar ya wurga masa sama daga wajen gwiwa. Duk garin babu mai hannunsa. Abu ɗaya ne da shi, yadda ka faɗa masa magana haka zai yi ta, ba ƙari ba ragi. An taɓa cewa ya raka baƙo bakin hanya. Ya kai shi, ya tsaya nan har la'asar, wai ba a ce ya dawo ba.

To, an kawo wata malama makarantar garinmu, Malama Sahura. Ita ta zo wa 'yan mata da wani wasa wai shi sofbol. Ɗaya ta wurgo ƙwallo da ƙarfi daga ƙasa, ɗaya ta make shi da sanda, ta ruga ta zagaye fili. Uwani a gudu barewa ce, amma sandunan makaranta na katako ne, sun fi ƙarfinta. Kafin ta ɗaga, ƙwallo ya wuce. Ana nan sai aka ce za a kai su birni su kara da 'yan matan can, a zaɓi waɗanda za su shiga babbar ƙungiya. Malama ta ce gaskiya in Uwani ba ta sami sanda daidai ita ba, a gida za a bar ta. Yarinyar nan ko tuwo ta daina ci. Da Iya ta gaji da ganin haka sai ta sayar da tunkiyarta, ita ke nan gare ta. Malama ta ce a nemo irin wadda ake cewa kamfozit, ba itace ba ce, ba ƙarfe ba ce, wasu zaruruwa ne aka manne, ba ta da nauyi. Iya ta dubi Kawu ta ce, "Tunkiya ɗaya ce, sanda ɗaya ce. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji, Iya."

Wata rana Malama ta zo gida ta ce, "Baban Uwani, ka sami kara, ka auna daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarshen yatsa, ka karya daidai nan. In ka je birni, abin da ya yi daidai da karan shi za ka sayo." Tana fita Kawu ya dasa kara a ƙirjinsa ya miƙe hannu. Kara ya fito ya kusa kai Uwani tsawo. Na ce, "Kawu, ƙirjin Uwani fa ake nufi." Ya ce, "Ba ta ce ba." Sai da aka bi Malama aka tambayo. Aka sake awo, ya hau motar kasuwa, aka cusa shi baya tare da awaki. Wata akuya ta kama karan tana ci, shi kuwa yana kallon ta. Da ya isa shagon kayan wasa ya nuna guntun da ya rage, aka ce babu sanda irin wannan. Ya bi kasuwa rumfa rumfa yana gwadawa, har ya sami abin da ya yi cif da karan. Da yamma sai ga shi yana murmushi, ya miƙa wa Iya muciya.

Iya ta ce, "Anaruwa, tunkiyata ce ta koma muciya?"

Ya ce, "Daidai take da karan, Iya, gwada ki gani."

"Ina sauran karan?"

"Akuya ta ci."

"Kana ina?"

"Ina nan. Malama ba ta ce a hana ta ba."

Allah ya taimaka muciya ba tsada, kuɗin tunkiya suna nan a aljihunsa. Azumi ce kaɗai ta ji daɗi, dama tata ta tsufa.

Wata rana kuma Malama ta ce wannan karon a tafi da Uwani, ni ma in bi su in sa ido. Ta ce wa Kawu, "Tsawo kaɗai bai isa ba, a duba nauyi. Uwani ta riƙe sanda da hannu ɗaya ta miƙe shi. In hannun bai sauka ba har ka gama gaisawa da mai shago, to ta yi mata." Ni tun a nan na ga za a daɗe, don na san gaisuwar Kawu. Muka je. Mai shagon wani gajere ne mai tumbi, ana ce masa Ɗanliti. Ya ba Uwani sanda ta miƙe hannu, Kawu ya gyara tsayuwa.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya kasuwa? Ya ruwa? Ya ƙafar nan, na ga kana ɗingishi? Mahaifiyarka tana da rai?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Me ya same ta?"

Hannun Uwani ya yi ƙasa. Kawu ya ce, "Wannan ba ta yi ba. Kawo wata." Aka kawo wata. Kawu ya dubi Ɗanliti ya ce, "Ina kwana?" Haka aka yi ta yi, kowace sanda da gaisuwarta tun daga farko, kuma kowane karo sai mahaifiyar mutumin nan ta sake rasuwa. Mutane suka taru a ƙofar shago. Ni na ja mayafi na rufe fuska. Rana ta take, ina kwana ta koma ina wuni. Ɗanliti ya share gumi, ya shiga can ciki, ya fito da wata shuɗiya wadda ta fi duka rashin nauyi. Ya danƙa wa Uwani, kafin Kawu ya buɗe baki ya ce, "Lafiya lau, ba gajiya, iyali lafiya, kasuwa mun gode Allah, ƙafa da sauƙi, uwata ta rasu, zazzaɓi ne, sai anjima!"

Kawu ya ce, "Ka manta ruwa."

"Ruwa ya yi gyara! Bawan Allah, ka dubi hannun yarinyar nan!"

Muka duba. Hannu yana nan a miƙe, Uwani tana dariya. Ita muka ɗauko.

Wata rana, bayan Malama ta ga sandar ta yaba, sai ta ce, "Irin wannan ba ta son sanyi, tsagewa take. Kuma kada ka ara wa kowa, yawan hannu yana kashe ta." Washegari aka tashi da ruwa. Iya tana ta neman rigar sanyinta, ta duba ƙarƙashin katifa, ta duba kan igiya, tana cewa ni na ɗauka. Ni kuwa sai na ji ƙaurin roba. Na leƙa madafa, sai ga sanda an sa mata rigar Iya, an jingine ta a kujera dab da murhu, Kawu yana tsugune yana ƙara itace. Na fizge ta da sauri. Wajen mariƙin ya ɗan yi baƙi. Na naɗe wurin da ƙyalle na ce ado ne, har yau haka Uwani ta sani.

Iya ta leƙo ta ce, "Ni da na haife ka ban taɓa samun wutar nan ba."

Kawu ya ce, "Ke ba a ce kina tsagewa ba, Iya."

Wata rana Uwani ta zo za ta tafi fili ta ce, "Baba, ba ni sandata." Ya ce, "Malama ta ce kada in ara wa kowa." Ta ce, "Baba, tawa ce fa!" Ya ce, "Ta ce kowa. Ke kina cikin kowa." Ta yi kuka, ta yi birgima, ko gezau. Don kada a ɗauka a bayan idonsa, sai ya karɓi zanen Azumi ya goya sandar a baya ya tafi wajen gini da ita. Magini yana saman katanga yana ihu, "Anaruwa, barka! Yaushe ne suna?" Wani ya ce, "Dogon wuyan nan na ubanta ne!" Kawu ya ce musu, "Ku rage murya, ba ta son yawan mutane." Sai da Malama ta zo har wajen ginin da kanta ta ce, "Ban da Uwani," sannan ya kwance goyon.

Wata rana, ana saura kwanaki kaɗan a tafi birni, tafiya ta kama Malama. Kafin ta hau mota ta ce, "Baban Uwani, sabuwar sanda irin wannan sai an yi ta bugu da ita kafin ta saki jiki. Ka riƙa jefa wa Uwani ƙwallo, tana bugawa tana ɗan juya sandar. In ta saki, za ku ji ƙararta ta canza. Kada ku daina sai kun ji."

Ya ce, "Yaya zan jefa?"

Ta ce, "Daga ƙasa, kamar dai yadda kake jefa wa magini."

Wayyo Malama. Ba ta taɓa tsayawa ta ga Kawu yana jifa ba. Ranar farko a bayan gida, ƙwallon ya wuce ta gefen Uwani yana fito, ya fasa tulun Azumi. Kaji suka watse. Na ce, "Kawu, don Allah a hankali!" Ya ce, "In na yi a hankali ƙasa ba ta kai saman katanga." Safe da yamma haka suke. Uwani tana hawaye tana kai duka a iska, ni ina bayan rumbu ina salati. In ya jefa ya jefa, sai ya zo ya kara kunne a jikin sandar ya ce, "Ba ta canza ba. Koma ki tsaya." Sannu sannu dai sai na ga ta fara shafar ƙwallon. Can kuma ta fara mayar masa da shi. Malama ta dawo ana gobe tafiya, ta ga jifa ɗaya, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Baban Uwani, kashe yarinyar za ka yi?" Ya ce, "Ke kika ce."

Ranar wasa muka je birni. Mai jifan 'yan birni wata doguwa ce, Aradu suke kiran ta. 'Yan garinmu suna shiga suna fitowa, ko taɓa ƙwallon babu mai yi. Sai aka kira Uwani. 'Yan birni suka fara, "Wa ya bar ƙanwarsa ta shigo fili?" Wata ta ce, "A kawo mata turmi ta taka!" Aradu ta juya hannu ta saki ƙwallo. Uwani ta kai duka, ta gama, sannan ƙwallon ya iso. Fili ya ɗauki dariya. Na ce shi ke nan, tunkiyar Iya ta tafi a banza. Sai na ga Uwani ta waiwayo wajena ta ce da ƙarfi, "Yaya Lanti, wannan ai lallaɓa shi take!"

Aradu ta ji haushi, ta ƙara ƙarfi. Uwani ta jira shi kamar mai jiran a zuba mata koko, sannan ta make shi. Ƙau! Wata irin ƙara ce da ba mu taɓa ji a bayan gida ba. Ƙwallo ya tashi ya haye katangar filin, Uwani ta yar da sanda ta zagaye kafin 'yan birni su rufe baki. Ana cikin ihu sai ga Kawu a tsakiyar fili, ya ɗaga sandar sama yana cewa, "Ta canza! Jama'a ta canza! Kowa ya daina!" Da ƙyar aka janye shi aka ƙarasa wasa.

Da masu zaɓe suka tashi kiran suna, na Uwani suka fara kira. Malama tana dariya tana share hawaye. Kawu ya matso ya ce, "Malama, yanzu mu daina?"

Ta ce, "Daina me? Kada ku daina!"

Na ce shi ke nan, don ba ta ce zuwa yaushe ba.

To ga shi nan, har yau suna bayan gida safe da yamma. Azumi ta kwashe tulunanta ta kai ɗaka, kaji sun koma maƙwabta. Na ce wa Iya ko in je in roƙi Malama ta zo ta kwance maganar. Iya ta kasa kunne, can muka ji ƙau, ta ce, "Bar su. Tunkiyata ce take kuka a sandar nan, gara in riƙa jin ta."

Nan labarin ya ƙare. In kun haɗu da Iya, ba ku san ni ba.