Ranar da na ɗora wa daddawar surukata laifi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a Godogodo, ranar da na kusa tashin kicin ɗin surukaina da hannuna, ina kuma yi musu lacca.

Lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Kafanchan, ina neman auren Rahila. Ana bikin yayarta, sai na ce bari in je da wuri in nuna musu irin surukin da za su samu. Na sa farar riga mai guga, na maƙala biro biyu a aljihu (har yau ban san abin da na yi niyyar rubutawa a gidan biki ba).

Matan zumunta na coci suna tsakar gida, suna tuƙa tuwo a kan murhun itace. Mama, mahaifiyar Rahila, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta ce, “Ticha, taimaka ka ɗauko mana buhun shinkafa a kicin.”

Ina buɗe ƙofa wani wari ya dake ni, kamar ruɓaɓɓen kabeji ya haɗu da ƙwai da ya lalace. Na waiga, sai ga kwano cike da daddawa a kan tebur. Shi ke nan, na kama ɓarawo. Da na yi shiru na ɗauki shinkafata, da an rabu lafiya. Amma ina! Na leƙo waje na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Mama, daddawar nan ta ruɓe fa. Kada a sa wa baƙi, za ta ɓata musu ciki.”

Muciya ta tsaya a hannun mata. Ashe Mama da kanta ta dafa kalwar, ta kwana uku tana kula da ita. Ta taso a hankali ta tsaya a bakin ƙofa, Rahila na bayanta tana yi mini alama da ido in rufe baki. Ni kuwa na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa take yi. Na shiga bayanin ƙwayoyin cuta da yadda suke ruɓar da abinci. Daga nan na hango ashana a kan taga.

“Kada ku damu da warin,” na ce. “Akwai dabara a kimiyyance. Ana kyasta ashana, sai ya ɓace.”

Na zaro tsinke ɗaya. Ban kai ga kyastawa ba na ji an doke mini hannu, kwalin ya watse a ƙasa. Baba ne, mahaifin Rahila, tsohon makanikin jirgin ƙasa da ya koma noman citta. Warin ya jiyo tun daga baranda.

“Kowa waje! A kashe wutan murhu! Kar wanda ya taɓa makunnin lantarki!”

Ya buɗe taga, ya durƙusa bayan tebur, ya murɗa kan tukunyar gas ya rufe, ya kinkimo ta zuwa bayan gida. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma mutumin ya haura saba’in. Da ya dawo sai ya nuna mana tiyon: ɓera ya ci shi, ga huda kamar ƙwayar masara.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana ta “Yesu, mun gode.” Ni dai ina tsaye, tsinken ashana har yanzu yana tsakanin yatsuna.

Baba bai zage ni ba (da ma ya zaga, da na fi samun sauƙi). Ya share hannu da tsumma ya ce, “Ticha, gas ba shi da wari ko kaɗan. Masu yin shi ne suke ɗiga mishi wani abu daga dangin farar wuta, don hanci ya ji kafin wuta ya ji. Kaɗan suke sa, amma ka ga aikin da ya yi yau.”

Na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sunan abin da ake ɗigawar makaftan, ni na rubuta shi a allo a zangon da ya wuce, har na ja masa layi biyu, har na ba wani ɗalibi sifili don ya manta.

Baba ya ci gaba, ya ce ko hodar da yake fesa wa citta don kada ta ruɓe a gona, danginsu ɗaya. Mama ta kalle ni daga sama har ƙasa.

“Da ka ƙone ma, farin man da muke shafa wa ƙuna a asibiti, na sulfa ne, wato farar wuta, gidansu ɗaya. Da na shafa maka da hannuna. Hannun da ya yi ruɓaɓɓiyar daddawa.”

Matan suka fashe da dariya, har da mai godiya ga Yesu. Na durƙusa a gaban Mama, farar rigata tana sharar ƙasa, na ce ta yafe mini. Ta ce in tashi, shinkafa ba za ta kawo kanta ba.

Da yamma Baba ya kira ni gindin mangwaro, ya ce in faɗa masa sunan abin a hankali. Ya sa na maimaita sau uku har ya riƙe. Shekara talatin yana gane yoyo da hanci, in ji shi, bai taɓa sanin yana da suna ba. Ya yi mini godiya kamar ni na ceci gidan.

An dai ba ni Rahila, ko da yake har yau idan na nufi kicin ɗinsu sai wani ya riga ni ya ɓoye ashana. Abin da na koya kuwa shi ne, idan dattijo ya tsaya yana shinshina iska, mai digiri ya sa hannu a aljihu ya jira.