Ranar da Motata ta Zauna da Hajiyoyi Huɗu

Har gobe ba na manta wannan Asabar ɗin. Abu uku na ɗora a kanta: mota ɗaya da na yi wata biyu ina gyarawa, mai saye ɗaya da zai ɗauke ta ranar Litinin, da sunan dillali da na yi shekara bakwai ina ginawa a High Point Road, titin da nake sayar da motoci.

Lokacin samari sun haukace da motar da cikinta ke shafar ƙasa. Na ce ni ma bari in ci kasuwar. Na sayo coilover, wato shokabzoba mai zare da ake murɗawa mota ta sauka, na kai wa bakanikena Malam Isufu, mutumin Damagaram. Ya juya kwalin, ya dube ni.

"Patron, wannan kaɗai ba ya isa. In ka sauke ta, tayoyi za su karkace. Sai an sa hannuwan da ke miƙe su, a canza linka, ƙarfen da ke hana ta tangaɗi, zuwa gajere, a lanƙwashe bakin bodi na saman taya."

Na ce ya ɗaura abin da na kawo kawai. (A raina cewa na yi so yake ya ci da ni. Dillali kowa ɓarawo yake gani, ban da kansa.) Na gwada ta ni kaɗai, ga shi ba ni da jiki. Lafiya lau.

Ranar Asabar ana sunan ɗan abokina, kuma na san Mustafa mai sayen, ɗan zangon Kumasi, zai zo. Na wanke ta na je nuna kaina. Da za a kai abinci wurin walima, Hajiya Rabi, shugabar matan, ta yafito ni.

"Ɗana, buɗe but."

Kula uku ta shinkafa, tukunyar miya ɗaya. Sannan ita da ƙawayenta uku suka shige.

"Mama, motar nan ba ta son nauyi."

"Au, mu ne nauyin? A Maraɗi mu tara muke shiga irinta. Ja mu je!"

Tun kafin mu kai ƙofar fita taya ta fara gurzar bodi, ƙaurin roba ya cika motar. Wata daga baya ta ce, "Wa ya bar tukunya a wuta?" Sai ga tudun rage gudu. Na karkace, na lallaɓa, na yi bismilla. Gaba ya haye, wani ƙarfe ya ce ƙwas, motar ta zauna daram a kan salansarta. Duk mazan sunan suna tsaye a waje.

Aka sauke Hajiyoyi ɗaya bayan ɗaya, aka sauke kuloli, mutum shida sanye da manyan riguna suka ɗaga motar. Mustafa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Chale, Alhaji, ita ce tawan?"

Malam Isufu kuwa, da shi ma ya zo sunan, bai ko daina cin namansa ba. "Patron, garaji a buɗe yake ran Litinin."

Na koyi cewa wanda zai sauke mota, ya sayi duk abin da bakanike ya lissafa, kuma ya gwada ta da mutanen da za su shiga, ba shi kaɗai ba. Mustafa ya fasa. Tayoyi biyu, salansa da linka sun tafi, kuma kayan da na ƙi saye sai da na saya. Ribata ɗaya ce: tun daga ranar babu Hajiyar da ta sake cewa in rage mata hanya.